Jimi Hendrix

James Marshall Hendrix, wanda aka fi sani da Jimi Hendrix (27 ga Nuwamba, 1942 – 18 ga Satumba, 1970), makaɗin jita ne, mawaƙi kuma marubucin waƙoƙi, baƙar fata ɗan ƙasar Amurka. Shekara huɗu kacal ya yi yana tashe, daga 1966 zuwa 1970, amma a cikinsu ya sauya yadda ake kaɗa jitar lantarki a duniya. Bahago ne, kuma ya koyi kiɗa da kunne ba tare da malami ba. Ya fara da kayan kiɗa mafi araha da ɗan talaka zai iya samu, ya yi ta sauya jita har ya kai ga samfurin Fender Stratocaster, wadda sunansa ya manne da ita har yau.

Haihuwa da ƙuruciya

An haife shi a birnin Seattle na jihar Washington, a arewa maso yammacin Amurka. Mahaifiyarsa Lucille Jeter ta raɗa masa suna Johnny Allen, domin a lokacin mahaifinsa James Allen Hendrix, wanda ake kira Al, yana aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan uban ya dawo gida, ya sauya wa yaron suna zuwa James Marshall a 1946.

Gidan ya yi fama da talauci da shaye-shaye da yawan faɗa tsakanin iyayen. Sun sha ƙaura daga wannan gidan haya zuwa wancan, kuma wasu daga cikin ƙannensa a hannun wasu mutane suka tashi. Auren ya mutu a 1951, kotu ta bar wa uban riƙon Jimi da ƙanensa Leon. Mahaifiyar ta rasu a watan Fabrairun 1958, yana da shekara 15. Ya yi karatu a makarantar sakandare ta Garfield da ke Seattle, amma bai kammala ba.

Daga tsintsiya zuwa jitar lantarki

Tun yana firamare aka lura da yadda yake rungumar tsintsiya mai dogon mariƙi yana kaɗa ta kamar jita. Wata ma'aikaciyar jin daɗin yara a makarantar ta nemi a saya masa jita daga kuɗin tallafin ɗalibai marasa galihu, amma ba a amince ba. A 1957, yana taya mahaifinsa kwashe tarkace a gidan wata tsohuwa, sai ya tsinci wata 'yar ƙaramar jita da ake kira ukulele, wadda tsirkiya ɗaya tak ta rage mata, kamar kuntigin Ɗan Maraya Jos. Da wannan tsirkiya guda ya dinga bin waƙoƙin da yake ji a rediyo, musamman na Elvis Presley.

A tsakiyar 1958 ya samu jitar katako ta farko a kan dala biyar. Ya duƙufa a kanta yana sauraron faya-fayen makaɗan bulus irin su Muddy Waters, B.B. King da Howlin' Wolf yana kwaikwayo. Masu rubuta tarihinsa sun ruwaito cewa mahaifinsa ya so ya tilasta masa kaɗawa da hannun dama, saboda camfin da ake yi game da hagu, shi kuwa da uban ya ba da baya sai ya juya jitar. Da ya kafa ƙungiyarsa ta farko mai suna Velvetones, sai ya gano cewa jitar katako ba ta da murya a tsakanin ganguna da sauran kayan kiɗa. Yana kaɗawa, amma ba mai jin sa.

A tsakiyar 1959 mahaifinsa ya saya masa jitar lantarki ta farko, fara, samfurin Supro Ozark. Jita ce ta masu koyo, mai maganaɗisun ɗaukar sauti guda ɗaya. Da ita ya shiga ƙungiyar Rocking Kings, suna wasa a gidajen rawa na Seattle. Wani dare ya bar ta a bayan dandamali, kafin gari ya waye an sace ta. Madadinta ya samu Danelectro, ita ma mai araha, wadda ya rubuta sunan budurwarsa Betty Jean a jikinta.

Aikin soja

Sau biyu 'yan sanda suka kama shi a cikin motar sata kafin ya cika shekara 19. Aka ba shi zaɓi tsakanin gidan yari da aikin soja, ya zaɓi soja, ya shiga ranar 31 ga Mayu, 1961. Bayan horo a Fort Ord da ke California, an tura shi runduna ta 101 ta sojojin da ke dira da laima a Fort Campbell, jihar Kentucky. Bai daɗe a can ba ya rubuta wa mahaifinsa ya aiko masa da jitarsa. A barikin ne wani soja mai suna Billy Cox ya ji kiɗansa, ya ari jitar bes suka fara wasa tare, abotar da ta ɗore har ƙarshen rayuwar Hendrix. Manyansa sun ga hankalinsa ba ya kan aikin soja, aka sallame shi a ƙarshen watan Yunin 1962.

Shekarun yi wa wasu kiɗa

Shi da Cox sun zauna a jihar Tennessee, suka kafa ƙungiyar King Kasuals, suna wasa a Clarksville da Nashville. A nan ya ƙware a kaɗa jita da haƙora da kuma ta bayan ƙeya, dabarun da makaɗan kudancin Amurka ke jan hankalin 'yan kallo da su. A zamanin ana wariyar launin fata a kudu, don haka mawaƙa baƙaƙe suna da nasu jerin gidajen wasa da suke zagayawa, kuma a wannan zagaye Hendrix ya goge. Samun bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa yakan kai jitarsa jingina don ya ci abinci ko ya biya kuɗin ɗaki, in ya samu kuɗi ya fanso ta. A waɗannan shekaru ya riƙe Epiphone Wilshire, daga baya Fender Duo-Sonic da Fender Jazzmaster.

A watan Janairun 1964 ya koma unguwar Harlem a New York, wata guda bayan haka ya zo na ɗaya a gasar sababbin masu fasaha ta gidan wasa na Apollo. Ya yi wa ƙungiyar Isley Brothers kiɗa a 1964, sannan Little Richard a 1965. Zamansa da Little Richard bai yi daɗi ba, domin an sha samun saɓani a kan makara da sutura da yadda yake ɗauke hankalin jama'a daga kan maigidan, har aka sallame shi. A watan Oktoban 1965 ya sa hannu a yarjejeniyar shekara uku da wani ɗan kasuwar faifai mai suna Ed Chalpin a kan dala ɗaya da kashi ɗaya cikin ɗari na ciniki. Wannan takarda ta zame masa ƙarfen ƙafa bayan ya yi suna.

Stratocaster da salon kiɗansa

A 1966 wata budurwarsa ta taimaka masa da kuɗi ya sayi Stratocaster ta farko. Kamfanin Leo Fender ne ya fito da wannan samfuri a 1954 a garin Fullerton na California. Abubuwa uku suka bambanta ta da jitocin da ya fara da su. Tana da maganaɗisu uku a ƙarƙashin tsirkiyoyi, kowanne da irin muryar da yake bayarwa, daga mai kauri a kusa da wuya zuwa mai kaifi a kusa da gindi. Tana da wani ɗan ƙarfe da ake dannawa ya sassauta tsirkiyoyi shida gaba ɗaya, sauti ya faɗi ya sake tashi. Sannan an fafe gangar jikinta ta gefe biyu, yadda yatsu za su kai ƙarshen wuya ba tare da wahala ba.

Jitar bahago ba ta cika samuwa a kanti ba, don haka Hendrix yakan sayi ta na-dama ya kifa ta, ya sake ɗaura tsirkiyoyin yadda mai kauri za ta dawo sama. Wannan juyi ya taɓa sautin kansa. Maganaɗisun gindi a karkace aka dasa shi, saboda haka da aka kifa jitar sai tsirkiya mai kauri ta ƙara kaifi, siririyar kuma ta ƙara taushi, akasin yadda kamfanin ya tsara. Yakan sassauta ɗaurin tsirkiyoyin ƙasa kaɗan da yadda aka saba, abin da ya sauƙaƙa masa lanƙwasa su da kuma rera waƙa a kai. Yana da dogayen yatsu, yakan zagayo da babban yatsa ta saman wuyan jitar ya danne tsirkiya mai kauri, sauran yatsun su ci gaba da fitar da karin waƙa, har mai sauraro ya zaci mutum biyu ne ke kiɗa.

A Ingila ya haɗa Stratocaster da amfilifaya samfurin Marshall mai ƙarfin wat 100. Idan aka ƙure irin wannan na'ura, sautin lasifika yakan koma cikin jitar ya haifar da wata doguwar ƙara, wadda makaɗa da yawa ke ɗauka a matsayin matsala. Hendrix ya koyi sarrafa ta ta hanyar matsawa kusa da lasifika ko ja da baya, ya mai da ita wani ɓangare na kiɗan. Ya kuma yi amfani da ƙananan na'urorin da ake takawa da ƙafa, irin su Fuzz Face mai sa sauti ya yi gurnani, da wah-wah na kamfanin Vox mai kwaikwayon muryar mutum, da Octavia wadda injiniya Roger Mayer ya ƙera. Wani lokaci yakan kaɗa Gibson Flying V, musamman a waƙoƙin bulus.

Landan da shahara

A 1966 yana wasa da ƙungiyarsa a wani ƙaramin kulob mai suna Cafe Wha? a unguwar Greenwich Village, sai Linda Keith ta haɗa shi da Chas Chandler, makaɗin bes na ƙungiyar Animals ta Birtaniya, wanda ke shirin komawa harkar kula da mawaƙa. Chandler ya kai shi Landan ranar 24 ga Satumba, 1966. Aka haɗa shi da Noel Redding a bes da Mitch Mitchell a ganguna, aka kira ƙungiyar Jimi Hendrix Experience. Wasanninsu na farko a Faransa suka yi su a watan Oktoba. Cikin 'yan watanni manyan makaɗan Ingila irin su Eric Clapton da Pete Townshend suka riƙa zuwa kallonsa.

Faifansu na farko, Hey Joe, ya fito a Disambar 1966, ya kai mataki na shida a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya. Kundin Are You Experienced ya biyo baya a Mayun 1967, ya tsaya a mataki na biyu, a bayan kundin ƙungiyar Beatles. A ƙasarsa kuwa ba a san shi sosai ba sai ranar 18 ga Yuni, 1967, a bikin kiɗa na Monterey a California, inda aka gayyace shi bisa shawarar Paul McCartney. A ƙarshen wasan ya cinna wa jitarsa wuta a kan dandamali, hoton ya bazu a duniya. Kundi na biyu, Axis: Bold as Love, ya fito a ƙarshen 1967, na uku kuma, Electric Ladyland, a Oktoban 1968, shi ne ya kai mataki na ɗaya a Amurka.

Woodstock da shekarar ƙarshe

Yawan tafiye-tafiye da saɓani da Redding sun kai ga watsewar ƙungiyar a Yunin 1969. A watan Mayun shekarar an kama Hendrix a filin jirgin saman Toronto na Kanada bisa zargin mallakar miyagun ƙwayoyi, kotu ta wanke shi a Disamba. A tsakanin nan ya kai ziyarar hutu ƙasar Maroko.

Shi ne ya rufe bikin Woodstock da safiyar Litinin, 18 ga Agusta, 1969. Taron ya kai kimanin mutum 400,000, amma saboda ruwan sama da jinkiri mafi yawansu sun watse kafin ya hau. Da farar Stratocaster ya kaɗa taken ƙasar Amurka, yana cusa masa sautuka masu kama da faɗuwar bom da jiniya. Ana tsakiyar yaƙin Vietnam a lokacin, kuma mutane da dama sun ɗauki kiɗan a matsayin sharhi a kan yaƙin.

A daren shiga shekarar 1970 ya yi wasa a zauren Fillmore East na New York tare da Billy Cox da Buddy Miles. Kundin Band of Gypsys da aka naɗa a wurin an bayar da shi ne don kashe rigimar yarjejeniyar Chalpin. Ya zuba kuɗi mai yawa wajen gina situdiyonsa, Electric Lady, wanda aka buɗe a New York a Agustan 1970. Babban wasansa na ƙarshe shi ne na tsibirin Fehmarn a Jamus, ranar 6 ga Satumba.

Mutuwa

Ya mutu a Landan ranar 18 ga Satumba, 1970, yana da shekara 27. Ya kwana a masaukin budurwarsa Monika Dannemann a unguwar Notting Hill, bayan ya sha ƙwayoyin barci fiye da ƙima. Binciken likita ya nuna amai ne ya shaƙe shi cikin barci. Mai binciken musabbabin mutuwa bai samu hujjar da za ta nuna ganganci ko tsautsayi ba, don haka ya bar hukuncin a buɗe. An binne shi ranar 1 ga Oktoba a maƙabartar Greenwood da ke Renton, kusa da Seattle.

Tasiri

An shigar da ƙungiyar Experience zauren karrama gwanayen kiɗan rok na Amurka a 1992. A 2003 mujallar Rolling Stone ta sa shi a mataki na ɗaya cikin makaɗan jita ɗari. Farar jitar da ya kaɗa a Woodstock an yi gwanjonta a Landan a 1990 a kan fam 198,000, daga baya attajiri Paul Allen ya saye ta, aka ajiye ta a gidan tarihin kiɗa da ya kafa a Seattle. A 1995 mahaifinsa ya karɓo haƙƙin mallakar waƙoƙinsa bayan doguwar shari'a.

Tasirinsa ya kai yankin Sahara, inda jitar lantarki ta samu gindin zama a tsakanin Abzinawa. Bombino, makaɗin yankin Agadas a Jamhuriyar Nijar, ya koyi dabaru da dama ta kallon bidiyon Hendrix lokacin da yake gudun hijira yana matashi. Mdou Moctar, shi ma ɗan Nijar kuma bahago, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, daga baya ya koma kaɗa Stratocaster, kuma masu sharhin kiɗa sukan kwatanta salonsa da na Hendrix.