Abebe Bikila, ɗan Habasha mai gudu babu takalmi

An haifi Abebe Bikila ranar 7 ga watan Agusta 1932 a ƙauyen Jato, cikin lardin Shewa na ƙasar Habasha. Da ya girma sai ya shiga rundunar dogaran sarki Haile Selassie, inda wani mai horarwa daga Suwed, Onni Niskanen, ya gane baiwarsa ya koya masa gudun dogon zango.

A shekara ta 1960, shekarar da Nijar da wasu ƙasashen Afirka 16 suka samu ƴancin kai, Habasha ta aika shi wasannin Olimpik na Roma. Tseren maraton kilomita 42 ne da mita 195. Takalman da aka ba shi ba su yi masa daidai ba, sai ya ajiye su ya yi gudu da tafin ƙafarsa. Hanyar ta bi ta gindin hasumiyar dutse ta Aksum, wadda sojojin Italiya suka kwaso daga ƙasarsa a 1937. A nan ne ya tsere wa Rhadi Ben Abdesselam na Maroko, ya iso cikin awa 2 da minti 15 da sakan 16. Babu wanda ya taɓa yin wannan sauri a duniya kafin ranar, kuma shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya ci lambar zinariya ta Olimpik.

Wasu sun ɗauka sa'a ce. A Tokiyo, a 1964, makonni biyar bayan an yi masa aiki a ciki, ya sake zuwa na ɗaya, wannan karo da takalmi, cikin awa 2 da minti 12 da sakan 11, ya bar na biyu da fiye da minti 4.

A 1969 haɗarin mota ya shanye masa ƙafafu. Bai karaya ba: daga kan keken guragu ya shiga gasar harbin baka a Ingila a 1970. Ya rasu a Adis Ababa ranar 25 ga Oktoba 1973, yana da shekara 41.

An daɗe da zarce lokacinsa. A 2023 Kelvin Kiptum na Kenya ya yi awa 2 da sakan 35 a Shikago. Lissafin agogo ba ya dawwama a hannun kowa, amma hanyar da Abebe ya share wa ƴaƴan Afirka ita suke bi har yau.