Alan Blumlein

Alan Dower Blumlein (an haife shi ranar 29 ga watan Yuni, 1903, ya mutu ranar 7 ga watan Yuni, 1942) injiniyan lantarki ne ɗan ƙasar Birtaniya. An fi saninsa da ƙirƙiro hanyar ɗaukar sauti da fitar da shi ta ɓangare biyu, hagu da dama, wadda ake kira sitiriyo. Wannan tsarin ne ya sa kayan sautin gida da na mota suke zuwa da lasifika biyu maimakon ɗaya. Ya kuma yi aiki a fannin wayar tarho da talabijin da na'urar rada. Shekara 38 ya yi a duniya, amma ya bar takardun mallakar ƙirƙira guda 128.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Blumlein a unguwar Hampstead da ke birnin Landan. Mahaifinsa haifaffen Jamus ne wanda ya zama ɗan Birtaniya, mahaifiyarsa kuma 'yar wani ɗan mishan ce da ya yi aiki a Afirka ta Kudu. Ya yi karatu a makarantar Highgate, daga nan ya shiga kwalejin City and Guilds, wadda reshe ce ta Imperial College. Ya kammala digirinsa da sakamako mai daraja ta ɗaya a shekarar 1923.

Aikin tarho da faifan garmaho

A shekarar 1924 ya fara aiki da kamfanin International Western Electric. A nan ya duƙufa kan layukan tarho masu dogon zango, musamman yadda za a rage shigar maganar wani layi cikin wani. Ya kuma yi gwaje-gwaje kan yadda kunnen ɗan Adam ke jin sauti mai kauri da siriri.

A shekarar 1929 ya koma kamfanin Columbia Graphophone, inda ya yi aiki ƙarƙashin Isaac Shoenberg. A lokacin kamfanin na biyan Western Electric kuɗi saboda amfani da na'urarsu ta yanka sauti a kan faifai. Blumlein da abokan aikinsa suka ƙera wata sabuwar na'ura wadda ba ta shiga haƙƙin mallakar kowa ba, kuma sautinta ya fi tsabta. A shekarar 1931 Columbia ya haɗe da Gramophone Company, aka samu kamfanin EMI. A can Blumlein ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Ƙirƙirar sitiriyo

A shekarar 1931 Blumlein ya je sinima da yarinyar da zai aura. Ya lura cewa ɗan wasa yana gefe guda na allo, amma muryarsa daga wani wuri daban take fitowa. Wannan ne ya sa ya fara neman hanyar da murya za ta riƙa bin mai ita.

Mutum yana gane inda sauti ya fito ne saboda kunnuwansa biyu. Sautin da ya taso daga hagu yakan riga isa kunnen hagu, kuma ya fi ƙarfi a can. Blumlein ya gano cewa idan aka bambanta ƙarfin sautin da ke fita daga lasifikar hagu da ta dama, mai sauraro zai ji kamar sautin yana fitowa daga wani wuri a tsakaninsu. Shi ya sa har yau ake raba lasifika biyu a ɗaki, mai sauraro ya zauna a gabansu daidai tsakiya. In aka haɗe su wuri ɗaya, amfanin sitiriyo ya ragu ƙwarai, komai tsadar kayan.

Ya shigar da takardar neman mallakar wannan fasaha ranar 14 ga Disamba, 1931, aka amince da ita ranar 14 ga Yuni, 1933, da lamba 394,325. A cikinta ya bayyana yadda ake gicciya makirufo biyu a wuri guda, tsarin da har yanzu ake kira da sunansa. Ya kuma nuna yadda za a yanka sautin hagu da na dama a bango biyu na layi ɗaya a kan faifai, kowanne a karkace da digiri 45. A watan Janairun 1934 ya gwada tsarin a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road, inda ya ɗauki ƙungiyar makaɗa ta London Philharmonic ƙarƙashin jagorancin Thomas Beecham. A 1935 ya ɗauki gajerun finafinan gwaji, ciki har da na jiragen ƙasa a tashar Hayes. Duk da haka EMI bai kai fasahar kasuwa ba a lokacin.

Talabijin da amfilifaya

Daga nan hankalin kamfanin ya koma kan talabijin. Blumlein na cikin manyan injiniyoyin da suka tsara talabijin mai layi 405, wanda BBC ta fara watsa shirye-shirye da shi a watan Nuwamban 1936 daga Alexandra Palace. A 1937 kuma ya fito da wani tsarin amfilifaya da ke rage gurɓatar sauti. Masu ƙera kayan sautin gida sun rungumi wannan tsarin a shekarun 1950.

Mutuwa

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki kan na'urar rada mai suna H2S, wadda ke nuna wa matuƙin jirgin yaƙi taswirar ƙasa cikin dare ko gajimare. Ranar 7 ga Yuni, 1942, jirgin Halifax da suke gwajin na'urar a ciki ya kama da wuta, ya faɗi kusa da ƙauyen Welsh Bicknor a yankin Herefordshire. Mutum 11 da ke ciki duk sun mutu. Da yake aikin na sirri ne, ba a yayata labarin ba. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu.

Tasirinsa

Faifan sitiriyo bai bazu a kasuwa ba sai a shekarar 1958, shekara 16 bayan mutuwarsa, kuma tsarin yankan da aka tsayar irin wanda ya bayyana ne tun 1931. A lokacin wa'adin takardar mallakarsa ya riga ya ƙare. Sirrin da ya rufe mutuwarsa na cikin dalilan da suka sa sunansa ya daɗe bai fito ba. A 1977 an kafa allon tunawa a gidan da ya zauna a unguwar Ealing. A 2015 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta kafa wani allon a Abbey Road, sannan a 2017 aka ba shi lambar yabo ta Grammy a ɓangaren fasaha.