Ladi Kwali: Maginiyar da tulunta ya bar rafi ya koma zauren baje koli

Duk wanda ya juya bayan takardar Naira 20 zai ga wata mata ta duƙufa tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, wadda aka haifa wajajen shekarar 1925 a garin Kwali, wanda a yau yake cikin Yankin Babban Birnin Tarayya.

Gwarawa manoman doya da dawa ne, kuma a zamanin ƙuruciyarta ginin tukwane sana'ar mata ce da gidan manomi ba ya rayuwa sai da ita: tulun ɗebo ruwa, randar ajiya, tukunyar girki. A hannun wata 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin, da hannu zalla. A jikin tulunanta takan zana kunama, ƙadangare, hawainiya, maciji, kada da kifi, wato halittun da mai noma ke cin karo da su tsakanin gona da rafi.

Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fadarsa, inda Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Cardew ya kafa a garin, ita ce mace ta farko. Can ta koyi juya yumɓu a kan na'ura da gasa shi da wuta mai tsanani har ya yi sheƙi, amma ba ta saki siffar tulun Gwari ba.

A nan ne sauyin ya bayyana. Sabon tulun ya fi na da kyalli da ƙarko, sai dai ya yi wa mai zuwa rafi nauyi, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin matar ƙauye. Kayan aiki ya zama kayan kallo. Aka baje shi a Landan, ita kuma ta zagaya Turai da Amurka tana nuna gwaninta. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Ƙasar da ta reno ta ma haka ta sauya. A 1976 aka yanki gonakin Gwarawa domin gina sabon birni, birnin ya karɓe sunan Abuja, tsohon garin ya koma Suleja. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, shekara bakwai kafin gwamnati ta taso daga Legas.