Joe Louis, sarkin damben duniya: shi ya ci suna, wasu suka ci kuɗi

Kowa ya san yadda garin Maraɗi yake zama in lokacin kokowar takobi ya zo. Wanda bai samu shiga fili ba, sai ya rungumi rediyo. Daga Tsibiri har Jiratawa, ko'ina ka bi sai ka tarad da jama'a sun kewaye akwati guda, suna jiran su ji wa ya kā da wa. Tun shekara ta 1975, da aka buɗe gasar ƙasa a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauko takobi, kokowa take ƙara girma, har kuɗi da talla da telebijin suka shigo cikinta. Saboda haka ya kyautu mu duba tarihin wani mutum na ƙasar Amurka, inda aka daɗe da mai da wasa kasuwa. Sunansa Joe Louis. Ya riƙe sarautar damben Turai ta ajin masu nauyi kusan shekara 12, ya samo miliyoyi da hannunsa, amma ya tsufa cikin bashi.

Asalinsa

An haife shi ran 13 ga watan Mayu na shekara ta 1914, cikin ƙauye, a jihar Alabama ta kudancin Amurka. Cikakken sunansa Joseph Louis Barrow. Shi ne na bakwai cikin ɗiya takwas. Kakanninsa bayi ne, iyayensa kuwa suna noman auduga cikin gonar wani, in kaka ta yi a raba amfani da mai gona. Yana da shekara biyu aka kai ubansa asibitin masu taɓin hankali. Uwar ta sāke aure, kuma cikin 1926 gidan duka suka yi ƙaura zuwa birnin Ditiroyit na arewa, inda ake ƙera motoci, kamar yadda dubban baƙar fata suka yi a zamanin, don neman aiki da gudun wulakancin kudu.

Yaron yana da i'ina, bai yi nisa ga karatu ba, sai aka sa shi makarantar koyon aikin katako. Ya yi dakon ƙanƙara, ya taɓa aiki ga kamfanin Ford. Uwarsa ta so ya koyi kaɗa gogen Turawa, amma zuciyarsa tana wajen dambe. Cikin 1934 ya zama zakaran ƙasa na masu damben sha'awa, sa'an nan ran 4 ga Yuli na wannan shekara ya shiga damben kuɗi a birnin Shikago. Ya kā da abokin karonsa tun turmin farko. Abin da aka ba shi ran nan bai kai dola 60 ba. A lura, dola kuɗin Amurka ne, ba dalarmu ta nan ba.

Ƙofar da aka rufe

Don a gane tarihinsa, sai an koma baya kaɗan. Cikin 1908 wani baƙar fata, Jack Johnson, ya ci sarautar damben duniya. Mutum ne mai alfahari, ba ya sunkuyar da kai ga kowa, ya kuma auri farar fata. Da ya buge Jim Jeffries cikin 1910, tarzoma ta tashi cikin garuruwa da yawa, mutane da dama suka rasa rayukansu, galibinsu baƙaƙe. Bayan da sarauta ta kuɓuce masa cikin 1915, sai masu shirya dambe suka rufe ƙofa: shekara 22 ba a sāke barin baƙin mutum ya nemi wannan sarauta ba.

Iyayen gidan Joe Louis, watau John Roxborough da Julian Black, da mai horonsa Jack Blackburn, dukansu baƙaƙe ne, sun san wannan labari sarai. Sai suka gindaya masa sharuɗɗa: kada a ɗauki hotonsa da farar mace, kada ya yi dariya ko fahariya bisa wanda ya kayar, kada ya yarda da wasan haɗin baki, ya tsare mutuncinsa gaban jama'a. Suka sa jaridu suka baza waɗannan sharuɗɗa. Nufinsu fararen Amurka su ga yaro mai kunya da ladabi, wanda ba za su ji tsoronsa ba. Da haka aka sayi hanya.

Dillali da ƴan jarida

Ƙarfi shi kaɗai ba ya kai ɗan dambe babban fage, sai da dillali. Cikin 1935 suka ƙulla yarjejeniya da Mike Jacobs, wani ɗan kasuwa na birnin Niyok wanda ya ƙware ga sayar da tikiti. Kamfaninsa yana da abokan tarayya a ɓoye, su ne wasu manyan marubutan wasanni na jaridun Hearst. Watau mai rubuta labarin dambe yana da rabo cikin kuɗin ƙofa. In ya kambama wasa, jama'a su cika fili, aljihunsa ya cika. Duk da haka, jaridun fararen ba su daina yi masa laƙabi da launin fatarsa ba, wasu ma suna kwatanta shi da naman daji. Jaridun baƙar fata kuwa sun ɗauke shi tutar jama'arsu.

Ran 25 ga Yuni 1935 ya kara da Primo Carnera, wani ƙaton Ba'italiye, ya gama da shi a turmi na shida. A lokacin nan Mussolini yana shirin afka wa ƙasar Habasha, saboda haka baƙaƙen Amurka suka ɗauki nasarar tamkar an rama wa Afirka. Cikin Satumba ya buge Max Baer, kuɗin ƙofa ya kai wajen dola miliyon guda, alhali ƙasar tana cikin matsanancin talauci da rashin aiki. Unguwar Harlem ba ta yi barci ba.

Amma ran 19 ga Yuni 1936 ya gamu da Max Schmeling na Jamus. Schmeling ya yi nazarin hotunan silima na wasanninsa, ya gano yana sassauta hannun hagu bayan ya kai naushi. Ta nan ya bi, ya shimfiɗe shi a turmi na 12. Gwamnatin Hitler ta yi ta shela cewa an tabbatar da fifikon farar fata.

Sarauta da daren minti biyu

Ko da ya sha kaye, dillalinsa ya samo masa damar karawa da mai riƙe da sarauta, James Braddock. Amma da tsada: sai da Jacobs ya yi alkawarin ba Braddock da ubangidansa ushirin ribar da zai samu ga wasannin sarauta har shekara 10. Ran 22 ga Yuni 1937, a Shikago, Joe Louis ya kā da Braddock a turmi na takwas, ya zama sarkin damben duniya yana da shekara 23.

Bayan shekara guda cif, ran 22 ga Yuni 1938, aka sāke haɗa shi da Schmeling a filin Yankee na Niyok. Mutum 70.000 suka shiga fili. Gidan rediyon NBC ya watsa wasan, kamfanin motoci na Buick ya biya don a yi masa talla, aka kuma ba da labari da Ingilishi da Jamusanci da Sifaniyanci da harshen Fotugal. An ƙiyasta mutum miliyon 70 suka saurara cikin Amurka, watau fiye da rabin jama'ar ƙasar a lokacin. Minti 2 da daƙiƙa 4 aka yi, wasa ya ƙare. Schmeling ya kwana asibiti.

Daren nan an ga abin da ba a saba gani ba: miliyoyin fararen Amurka suna goyon bayan baƙin mutum bisa farar fata, don sun ɗauke shi wakilin ƙasarsu gaban Hitler. Amma gaskiya ita ce, akwai otel da gidajen abinci da yawa na ƙasar inda wannan zakara ba shi da ikon shiga. Shi ma Schmeling, ya kamata a yi masa adalci: bai taɓa shiga jam'iyyar Hitler ba, ubangidansa na Amurka Bayahude ne, kuma cikin Nuwamba 1938 ya ɓoye yara biyu Yahudawa cikin ɗakinsa na otel a Barlin. Siyasa da jaridu ne suka ɗora wa mutum biyu kayan da ya fi su nauyi.

Zamanin yaƙi

Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu, Joe Louis ya kare sarautarsa sau biyu cikin 1942, gaban Buddy Baer da Abe Simon, ya ba da ladansa ga asusun taimakon iyalan soji. Shi kansa ya shiga soja cikin Janairu na wannan shekara, cikin rundunar da ke raba baƙi da fari har wajen kwana da wajen cin abinci. Ba a kai shi fagen daga ba, an sa shi zagaya barikoki. Ya yi wasan nuni 96 gaban soji wajen miliyon 2, a Amurka da Ingila da Italiya da arewacin Afirka. Ya yi amfani da sunansa ya sa baki har aka karɓi wasu baƙaƙen soji makarantar hafsoshi. Cikinsu akwai Jackie Robinson, wanda cikin 1947 ya karya shingen wariya na babbar gasar besbol. An sallami Louis cikin Oktoba 1945 da galar saje.

Inda kuɗin suka tafi

Ran 19 ga Yuni 1946 ya sāke karawa da Billy Conn. Shi ne wasan sarautar masu nauyi na farko da aka nuna a telebijin. Kujerar gaba dola 100 ce, ladansa kuwa ya haura dola 600.000. Mai ji sai ya ce ya huce talauci har abada. Ina! Cikin shekarun yaƙi ya ci bashi mai yawa wajen Jacobs da iyayen gidansa. Kafin kuɗi su iso hannunsa, iyayen gida sun cire rabonsu, mai horo ya cire nasa, an biya kuɗin sansanin horo. Ga haraji, wanda a zamanin yana kai kashi 90 cikin 100 ga ƙololuwar babban samu. Shi kuma hannunsa a sake yake: dangi da abokai da maroƙa, kowa ya zo sai ya samu. Ya zuba jari cikin sana'o'i da dama, ba su yi albarka ba. An lissafa ya samo wajen dola miliyon 4 da 600.000 cikin dambe, amma abin da ya shiga hannunsa bai wuce wajen 800.000 ba.

Ya ajiye sarauta ran 1 ga Maris 1949, bayan ya kare ta sau 25, abin da ba wani mai nauyi da ya yi. Ba a jima ba ma'aikatar haraji ta biyo shi bashin fiye da dola 500.000, kuma kowace shekara ruwa yana hawa. Tilas ya komo fage da tsufansa. Ezzard Charles ya rinjaye shi cikin 1950. Ran 26 ga Oktoba 1951 Rocky Marciano, saurayi mai tashe, ya fid da shi ta tsakanin igiyoyi a turmi na takwas. Nan dambensa ya ƙare: wasa 69, ya ci 66, ya fāɗi 3.

Bashin ya haura dola miliyon guda. Har ɗan abin da uwarsa ta bar masa gado, da ajiyar da ya yi wa ɗiyansa, hukuma ta karɓe. Cikin 1956 aka ga tsohon sarkin duniya yana kokowar nishaɗi ta Amurka, wadda ake shirya ƙarshenta tun kafin a fara, don neman abin biya. Daga baya gwamnati ta sassauta masa, amma lafiya ta riga ta tafi. Ya faɗa shan ƙwaya, aka kwantar da shi asibiti cikin 1970 saboda ruɗewar hankali. Aikinsa na ƙarshe shi ne tarbar baƙi a gidan caca na Caesars Palace a Las Begas, ana biyansa don ya gaisa da mutane a ɗauki hoto da shi. Schmeling, wanda ya arzuta cikin kasuwancin Coca-Cola a Jamus, ya zama amininsa, yana taimakonsa.

Bayan aikin zuciya cikin 1977 ya koma keken guragu. Ya rasu ran 12 ga Afrilu 1981, yana da shekara 66. Shugaba Reagan ya ba da izini aka binne shi a maƙabartar soji ta Arlington, kusa da Washinton. Cikin 1982 majalisar ƙasar ta ba shi lambar zinariya, cikin 1986 aka kafa gunkin dunƙulen hannunsa a tsakiyar Ditiroyit. Girmamawar da ta zo bayan mutuwa ta fi taimakon da ya samu yana da rai.

Abin lura gare mu

Joe Louis bai yi jawabin siyasa mai tsawo ba, amma ya buɗe ƙofar da Muhammad Ali da sauransu suka bi. Rediyo ta kai sunansa kowane gida, ta sa waɗanda suka raina launinsa suka yi masa tafi. Wannan ita ce albarkar wasa. Ɗaya gefen kuwa, duk inda jama'a suka taru, ƴan kasuwa suna nan, kuma mai riƙe da alƙalami da littafin lissafi ya fi mai zub da gumi samu.

Ƙarfin ɗan kokowa na ƴan shekaru ne, kamar damina. Ya kamata samarinmu masu shiga fage su iya karatu da lissafi, kada su dangwala hannu bisa takardar da ba su san abin da ke ciki ba, su kuma mai da kyautar fili gona da bisashe tun ganga tana kiran sunansu. Shugabannin wasanni da ma'aikatan hukuma su ma da nasu nauyi: a bayyana abin da aka samu ga ƙofa da talla, a san rabon kowa, a yi tanadi domin tsofaffin zakaru da waɗanda suka ji ciwo. Wanda ya faranta wa ƙasa rai da ƙuruciyarsa, bai kamata ya yi bara da tsufansa ba. Allah ya sa mu yi kyakkyawan ƙarshe, amin.