Charles Darwin da Littafin Ɗan Farinsa

An haifi Charles Darwin a garin Shrewsbury na ƙasar Ingila ran 12 ga Fabrairu, 1809. Yana ɗan shekara 8 uwarsa ta rasu, yayyensa mata suka riƙe shi. Daga 1831 zuwa 1836 ya zaga duniya cikin jirgin ruwa mai suna Beagle, a 1859 kuwa ya fitar da littafin nan nasa na asalin halittu wanda ya ta da gardama. Amma akwai wani aikinsa da ya fi shafar malaman ƙananan azuzuwa.

A ƙarshen 1839 matarsa Emma ta haifi ɗansu na fari, William. Darwin ya keɓe littafi guda yana rubuta abin da ya gani a fuskar yaron. Yana ɗan kwana 45 ya fara murmushi. Da ya wuce wata 6, sai mai renonsa ta yi kukan ƙarya a gabansa, nan da nan yaro ya ɓata fuska, bakinsa ya taɓe. Darwin ya lura jaririn bai saba ganin babba na kuka ba, saboda haka ya ɗauka da sanin aka haife shi. Ya aika da tambayoyi ƙasashe da dama, ya sami amsa 36, ya buga littafi a kan alamun fuska a 1872, labarin William kuma a 1877.

Masanan baya sun nuna akwai koyo a ciki, fiye da yadda ya zata. A gwajin da aka buga a Amurka a 1985, 'yan shekara 1 da suka rarrafo bakin abin da ya yi kama da rami sukan dubi uwa tukuna. In ta saki fuska yawancinsu su ƙetare, in ta nuna tsoro su tsaya.

A nan Birnin Kebbi da Argungu, inda iyaye ke kunyar ɗan fari, da wuya uba ya zauna yana ƙura wa nasa ido haka. Kaka da 'yar reno su ne allon yaron. A ganina, ran da ya shiga aji ɗaya fuskar malam ya ke fara karantawa, tun bai san baƙi ba, malami mai ɗaure fuska kuwa ba ya samun mai tambaya.

Darwin ya rasu ran 19 ga Afrilu, 1882, aka binne shi a majami'ar Westminster ta London.