Leonhard Euler (1707–1783) da Lissafin Juyawar Abu Marar Daidaiton Siffa

An haifi Leonhard Euler a birnin Basel na ƙasar Suwizalan ranar 15 ga Afrilu, 1707. Mahaifinsa limamin coci ne, ya so ɗan ya gaje shi, amma masanin lissafi Johann Bernoulli ya ga baiwar yaron, ya shawo kan uban. A 1727 Euler ya tafi Cibiyar Kimiyya ta St. Petersburg a Rasha, inda ya wallafa littafinsa Mechanica a 1736. Littafin ya tsaya ne kan motsin abin da aka ƙaddara tamkar ɗigo, ba tsawo ba faɗi. Ɗigo kuwa tafiya kawai yake yi, ba ya juyawa.

Jirgin ruwa ne ya fara jan hankalinsa zuwa ga juyi, domin jirgi yana tangaɗi gefe da gefe, gaba da baya, siffarsa kuma ba ta mulmulallen ƙwallo ba ce. Ya koma Berlin a 1741, shekarar da Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafin hatimi, ya rasu a Alƙahira. Yana can aka buga littafinsa kan jiragen ruwa a 1749, sannan a 1765 babban littafinsa na Latin kan motsin daskararrun abubuwa ya fito.

A cikin wannan littafi ne ya daddale ma'aunin da ya kira momentum inertiae, wanda za a iya kira da Hausa taurin juyi, wato ƙin da abu yake yi a juya shi ko a tsayar da juyinsa. Christiaan Huygens ya riga ya yi amfani da irin wannan adadi a 1673, amma Euler ne ya raɗa masa suna, ya ba shi gurbi. Ana ƙaddara abu a matsayin tarin ɓarɓashi, a ninka nauyin kowanne da nisansa daga layin juyi, a sake ninkawa da nisan, sannan a haɗa jimilla. Ke nan idan nisa ya ninka biyu, tauri ya ninka huɗu. Ashe inda nauyi ya zauna ya fi yawansa tasiri. Mai kaɗin auduga ta san haka da hannunta: gululu ne yake sa mazari ya daɗe yana juyi, idan kuwa gululun ya karkace, mazarin ya dinga rawa, zare ya tsinke.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne batun abu marar daidaito. Johann Segner ya nuna a 1755 cewa kowane daskararren abu, komai karkatarsa, yana da layuka uku da suka gicciye juna a cibiyar nauyinsa, waɗanda zai iya juyawa a kansu ba tare da rawa ba. Euler ya gina ƙa'idojinsa uku na juyi a kan waɗannan layuka, lissafin da a da ya gagara ya zama mai yiwuwa. Layukan ba ɗaya suke ba. Juyi a kan mai mafi girman tauri da mai mafi ƙanƙanta yana zama daram, amma a kan na tsakiya, ɗan kuskure kaɗan ya isa abu ya riƙa kifewa. Manomin Dirin Daji a ƙasar Zuru, idan ya wulla fartanya sama ta wulƙita ta sauko da ƙota a birkice, wannan ƙa'ida ce take aiki.

Euler ya koma St. Petersburg a 1766. Idonsa na dama ya daɗe da mutuwa, na hagu ya bi baya, kuma a 1771 gobara ta cinye gidansa. Ya ci gaba da shibta wa 'ya'yansa da almajiransa lissafi da ka har ya rasu ranar 18 ga Satumba, 1783.

Duniya ma ba cikakken ƙwallo ba ce, ta ɗan kumbura a tsakiya. Daga lissafin Euler an fitar da cewa layin juyinta zai riƙa ɗan rawa, yana kammala zagaye cikin wata goma. Masu nazarin taurari sun yi ta neman wannan rawa ba su same ta ba, sai a 1891 Seth Chandler, Ba'amurke, ya gano ta, amma wata goma sha huɗu take ɗauka. Simon Newcomb ya bayyana dalilin saɓanin: Euler ya ƙaddara duniya daskararriya ce ƙam, alhali tana ɗan lanƙwasa, ga kuma tekuna a bayanta.