Taƙaitaccen Tarihin Imamu Sahnunu, Alƙalin Ƙairawani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, na ga ya kamata in kawo tarihin wannan bawan Allah, domin da yawa cikinmu sun san shi da Mudawwana kurum, ba su san shi bisa buzun shari'a ba.

Sunansa Abdussalami ɗan Sa'idu Attanukhi, Sahnunu laƙabi ne. An haife shi shekara ta 160 bayan Hijira. Ya yi karatu wurin Aliyu ɗan Ziyadu a Tunis, sannan ya tafi Masar wurin Ibnul Ƙasim, almajirin Imamu Malik. Shi Malik ɗin bai riske shi ba, rashin guzuri ya hana. Daga Ibnul Ƙasim ya tace mas'alolin da suka zama Mudawwana, wadda Muhtasar na Halil, da alƙalanmu ke hukunci da shi, ya ɗebo daga gare ta.

A shekara ta 234 sarkin ƙasar, Muhammadu ɗan Aglabu, ya neme shi da alƙalanci, yana da shekara 74. Ya yi ta ƙi har wajen shekara guda. Bai karɓa ba sai da sarki ya yi masa alkawarin hukuncinsa zai hau kan kowa, har dangin sarki da fadawansa. Kuma bai karɓi albashi ba ko dirhami ɗaya. A ganina nan ƙarfinsa yake, domin wanda bai ci tuwon fada ba, ba a iya tsoratar da shi da yanke tuwon.

Ba a jima ba aka jarraba alkawarin. Rundunar sarki ta murƙushe tawaye a Tunis, wani babban jarumin fada ya komo da mata ya riƙe su a matsayin bayi. Labari ya iske Sahnunu, ya aika aka ƙwato su, domin 'ya'ya ne Musulmi, shari'a ba ta halatta bautar da su ba. Jarumin ya kai kuka fada, sarki ya aiko a mayar masa da su. Ku duba wannan wuri da kyau: wanda ya naɗa shi ne ke ba da umurni, kuma yana da ikon tuɓe shi a ranar. Sahnunu ya ƙi, ya nuna ya gwammace a karɓe alƙalancin da ya miƙa su. Sarki ne ya janye, matan suka tsira.

Haka kuma manya, in an kai ƙararsu, yakan tilasta su zo da kansu su zauna gaba ga mai ƙara. Ya sa ido kan kasuwa, yana horon masu algus.

Ya rasu cikin Rajab, shekara ta 240, daidai da 854 ta Miladiyya, yana kan alƙalanci. Sarki Muhammadu da kansa ya yi masa salla, aka binne shi a Ƙairawani. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.